Hudar Da Na Yi Wa Keken Yaya Hamisu

Talata: Kazaure zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da kwata na asubar Talata na ja ƙofar gidana a Kazaure, tun ladanin unguwarmu bai gyara murya ba. Jaka ɗaya ce a hannuna, rabinta kuka da daddawa, rabinta harami da silifa. 'Yata Rakiya, wadda ita da mijinta suka biya mini kujerar Umara, ta rako ni tasha tana ta jaddada mini kada in taɓa komai a cikin jirgi. Ta san ubanta. Shekara arba'in da 'yan kai ina gyaran keke, duk abin da na ga yana da noti sai hannuna ya fara ƙaiƙayi.

Ku 'yan rumfar faci da kuka ishe ni da "Iro ba mu labari", ga shi na rubuta, ku huta in huta. Aji uku na yi a firamare malaminmu ya ce in je in taimaki duniya ta wata hanyar. Inda kuka ga rubutu ya karkace, ku ɗauka wili ne ya lanƙwashe, ku lallaɓa ku wuce.

Mota ta cika ƙarfe biyar saura minti goma, kujera naira dubu biyu da ɗari biyar. Mun yi sallar asuba a Ɗambatta. Shinge biyu muka wuce, a na biyun jami'i ya haska jakata ya ce me ke wari haka. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, turaren da zan kai wa Larabawa ne." Ya shinshina daddawar, ya ce Allah ya kiyaye Larabawa, ya ɗage mana hannu. Kilomita tamanin ba kaɗan, ƙarfe bakwai saura kwata muna filin jirgin Kano.

Kafin mu hau sama bari in faɗa muku abu na biyu da ya kai ni. Yayana Hamisu, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tafi Jidda tun ban yi aure ba, can ya zauna, can ya haihu. Da rusau ya tashe su daga unguwar Karantina bai cika shekara a sabon wuri ba Allah ya karɓi abinsa. Ana saura mako in taso, matarsa Hajiya Saude ta aiko mini da murya ta wayar Rakiya. Bayan gaisuwa ta ce, "In ka gama Umara ka biyo ta nan, Alhaji Faci. Akwai ƙarfen yayanka da nake so ka duba."

Na san ƙarfen. Tun daga ranar gabana yake faɗuwa.

Sama, da kwana biyar a Makka

An ce jirgi ƙarfe tara da rabi, ya tashi goma da minti ashirin. Awa huɗu da minti arba'in muka yi a sama. Teburin gaban kujerata yana da sukurun da ya kwance, yana ta rawa yana kirana, amma na tuna Rakiya na zauna a kan hannuna. Da aka ce mun zo daidai miƙati muka yi niyya, jirgi ya ɗauki Labbaika. Mun sauka Jidda ƙarfe biyar na yamma agogonsu, domin sun riga mu da awa biyu, daga nan bas ta kwashe mu sai Makka.

Ba zan tsawaita a kan Makka ba, abin ya fi ƙarfin aji uku. Na yi Umarata da safiyar Laraba, na yi wa iyayenmu addu'a, na yi wa Yaya Hamisu, na yi muku har da masu zuwa rumfa su sha inuwa ba su kawo faci ba. Ɗakinmu mutum huɗu, tafiyar minti ashirin da biyar zuwa Harami da ƙafar tsoho. Shinkafa da rabin kaza riyal goma sha takwas, mu biyu muke rabawa da wani Bahaɗeje mai minshari kamar injin markaɗe.

Litinin: Makka zuwa Waziriyya

Ƙarfe tara na safe Khalid ya zo ɗaukata. Shi ne ɗan Yaya na fari, shekararsa arba'in da uku, haifaffen Jidda, direban wani shagon kujeru. Rabona da shi tun yana wasan ƙasa. Da ya fito daga mota sai na ga Yaya Hamisu tsaye, har yadda yake karkata wuya. Ya sumbaci goshina ya ce, "Ya ammi, sannu da... da zuwa. Kef lafiya?" Hausa tana shiga kunnensa sarai, fitowa ce take masa gardama.

A shingen hanyar Jidda an duba iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, da fasfona, minti uku aka sake mu. Awa ɗaya da kwata muka shiga Waziriyya, unguwar ƙananan shaguna da dogayen gidajen haya. Nasu hawa na uku ne, ɗaki biyu da falo, mutum bakwai a ciki: Hajiya, Khalid da matarsa, da 'ya'yansu huɗu.

Hajiya Saude ta tare ni a bakin ƙofa da sandarta. "Ikon Allah. Mijin nawa ne ya koma haka? Ina haƙoran?"

"Suna Kazaure, Hajiya, an ce kaya kada ya wuce kilo talatin."

Muka yi dariya, sai kuma muka yi kuka, domin ban yi mata gaisuwar Yaya ido da ido ba sai ranar. Bayan an sha shayi ta dubi Khalid. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta ce da ni, "Ce wa ɗanka ya sauko da shi."

Daga saman durowa ya sauko da shi a naɗe cikin tsohon zani. Firam ne tsura da fok ɗinsa, ba wili, ba sirdi, ba feda, iskar teku ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Fentinsa kore shar irin na ƙofar shago. A tsakiyar kafaɗar fok ɗin kuwa ga wata huda, ta ɗan karkace hagu.

Ga tarihinsa. Yaya ya yi wa wani injiniya Baturen Italiya tuƙi shekara goma sha ɗaya. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya ba shi wannan keke. A lokacin duk wanda uban gidansa zai tafi, wani a bar masa firji, wani talabijin, mai sa'a har mota. Shi Yaya aka bar masa keke ba birki, ba madigadi, ba kariya, fedarsa ma ba ta hutawa, in taya na juyawa dole ƙafarka ta juya. Karantina ta samu abin dariya. Har ya tsufa ana ce masa Hamisu Ba-birki.

Shekarar da ya kawo ni aikin Hajji na ga keken. Ina ji da kaina a lokacin, ina ganin duk duniya ba wanda ya san keke kamata. Na ce masa, "Yaya, an raina ka. Wannan ko kamfani bai gama haɗa shi ba aka jefar." Na ari abin huda ƙarfe a wurin wani mai walda, na huda fok, na ɗaura birki, na ga shuɗin fentinsa ya kakkarce na bi shi da ragowar fentin ƙofa. Na yi tsaye ina jiran yabo. Ya ce, "Madalla, Iro."

Khalid bai san wannan ba, yana ƙarami. Hajiya ta sani. Ta dube ni ta dubi hudar, ta kau da kai.

Khalid ya ce, "Ya ammi, ka faɗa wa Ummi. Hadid ne bas, ƙarfe. Ranar da muka tashi daga Karantina ta bar gado, ta bar tukwane, ta ɗauko wannan a hannunta. Gida ƙarami, mafi... babu wuri. Ni duk lokacin da na gan shi..." Hausa ta ƙare masa, ya ƙarasa da hannu. Daga baya ya samo ta. "Shekara goma sha ɗaya Abuya ya yi wa Baturen nan aiki. Ya ba shi shara. Abuya kuma yana murna. Wannan ne yake mini ciwo."

Hajiya ta ce, "Alhaji, ba kuɗinsa nake tambaya ba. Yayanka ya koma ga Allah yana cewa girmama shi aka yi. Ɗanka yana cewa dariya aka yi masa. Ni ban san keke ba. Ina so in san wanne ne, kafin in bi shi."

Khalid ya ce kafilinsa, wato uban gidansa, ya ba shi hutun gobe kaɗai. In an zagaya ba a samu komai ba, halas, shi ke nan, Juma'a ya kai shi haraj, kasuwar tsofaffin kaya. Hajiya ta amince. Ta miƙa masa wani ambulan da ya yi ja don tsufa ta ce ya sa a aljihu.

Talata da safe: kasuwar haraj

Mun fita ƙarfe bakwai. A bakin layi muka karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da wani faffaɗan burodi mai zafi, riyal tara har da shayi. Minti ashirin muka yi kudu zuwa haraj, kasuwar kayan da aka gaji da su. Duk abin da Jidda ta jefar yana nan, daga firji har keken guragu.

A layin 'yan gwangwan muka samu wani Badamagare, ya ji Hausa a bakina ya taso. Ya ɗora firam a sikeli, ya taɓe baki.

"Alhaji, wannan feray ne, gwangwan kawai. Kilo biyu da rabi. Ko nauyin kirki ba shi da shi. Riyal biyar, don kai baƙon Allah ne."

Khalid ya dube ni. "Shuf, ya ammi? Khamsa."

Ni kuwa maganar nauyin ce ta tsaya mini. Firam ɗin keken Ingila irin na masu kai madara, da fok ɗinsa, ya ninka wannan. Na ɗauka na ɗalle bututun da farce. Ya yi ƙara siririya, doguwa, kamar an taɓa tasar tagulla. Shekara arba'in ina ɗallin ƙarfe ban ji irinta ba, kuma da na riƙe shi a da can, surutuna bai bar ni na saurara ba.

Na ce wa Badamagaren, "Ɗan'uwa, a garin nan ina masu kekunan tsere?"

Ya ce sai arewa, wajen masu kuɗi, inda ake sayar da belo, wato keke, kuɗin mota. Khalid ya duba agogo ya ce, "Yalla."

Hantsi: arewacin gari

Kilomita talatin da ɗaya, minti hamsin saboda cunkoso. Jidda doguwa ce kamar carbi, teku na hagunka in ka nufi arewa. Mun wuce wani fili fetal, Khalid ya rage gudu ya nuna da haɓa. "Karantina. Gidanmu wajen can." Ba komai a wajen can sai ƙasa.

Shagon gilashi ne tun daga ƙasa, sanyinsa kamar cikin randa. Kekuna a rataye, ba ƙarfe a jikinsu, wai wani abu ne kamar roba mai tauri. Na tambayi kuɗin ɗaya, Khalid ya juya mini shi zuwa naira, na saki sirdin da na dafa a hankali na koma gefe. Mai shagon mutum ne mai fara'a. Ya ɗauki hoton firam ɗinmu da waya, ya ce wayar za ta faɗi sunansa. Muka jira. Waya ta yi tunani ta ce ƙofar lambu ce.

Na ce wa Khalid, "Ka ga, ita ma fentin ta gane."

Mai shagon ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya juya firam ɗin ya dubi bayansa, dariyar ta tsaya. Ya yi wa Khalid dogon Larabci. Abin da na samu a ciki shi ne, shi sababbi ya sani, amma akwai wani tsoho a Ruwais, baƙi irinmu, ana ce masa Ammu Bakur, wanda ya yi wa 'yan tsere kanikanci da ƙuruciya har ƙasashen Turawa. In shi bai sani ba, ba mai sani.

Khalid ya so mu juya gida. Na ce masa na daɗe ina marmarin ganin Ruwais, kuma ba kyau a hana baƙo ziyara. Ƙarya ce, ban taɓa jin sunan unguwar ba sai ranar.

Azahar: Ruwais

Kilomita goma sha huɗu muka dawo kudu. Muka yi sallah a wani ƙaramin masallaci, muka ci mutabbak, wata wainar fulawa mai ƙwai da nama, riyal shida shida, muka yi tambaya sau uku. Ƙarfe biyu saura kwata muka same shi a wani lungu da rusau ya tsallake, kusa da teku har kana jin gishiri a leɓe. Gareji ne mai ƙofa ɗaya. Tsoho ne siriri, ya haura tamanin, da tabarau a rataye a wuya.

Na yi sallama da Hausa don in gwada. Ya ɗago ya ce, "Marhaba, marhaba! Mutan ina?" Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, ya shekara bakwai a hanya. Shi bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa irin ta kakanni ce, sai dai Larabci ya yi mata miya.

Sai da ya zuba mana shayi sannan ya karɓi firam. Bai ɗora shi a ƙasa ba, ya shimfiɗa tawul a kan tebur. Daga nan na san mun zo wurin mai sana'a.

Ya fara da baya, inda wili yake shiga. "Kun ga bakin nan? Na kowane keke ƙasa yake kallo ko gaba. Wannan baya yake kallo. Ku duba kuma, ba mazaunin madigadi, ba na kariya, ba hanyar wayar birki. Ba mantawa aka yi ba, ya akhi. Wannan ba na titi ba ne." Ya ɗauko kwano ya zagaya yatsa a cikinsa. Ya ce a ƙasashen can akwai filin tsere mai siffar kwano, da katako aka shimfiɗe shi, mahaya suna zagayawa taya na kusan taɓa taya. A nan wanda ya taka birki ya kashe na bayansa. Shi ya sa ba a sa musu.

Na kurɓi shayi.

Ya shafa mahaɗar bututun da yatsa, ya kamo hannuna ya ɗora. "Kai makaniki ne, hannunka ya faɗa. Taɓa nan." Ko ta cikin fentin ƙofa ana jin yadda bakin mahaɗar ya sirance har ya ɓace a jikin bututu. Ya ce wannan aikin magagari ne, mutum ya zauna kwana da kwanaki yana gogawa. Inji ba ya haka.

Sannan ya kife shi, ya leƙa cibiyar feda, ya ce bari ya gwada tiredin ya ji ƙasar da ta haife shi. Bakina, wanda bai taɓa neman shawarata ba, ya ce, "Ba sai ka gwada ba. Notin dama ma hagu yake kwancewa, ba kamar na Ingila ba. Yini guda na yi ina ɗaure shi ina zaton kwancewa nake."

Ammu Bakur ya tafa hannu. "Aiwa! Italiya ke nan, su ne masu wannan taurin kai." Ya auna faɗin wurin da ma'auni mai baki kamar na kada, ya gyaɗa kai. Khalid kuwa ni yake kallo. Na ga kallon, na shiga gyaran hula.

Tsohon ya ɗauko wani ruwa mai wari da tsumma da 'yar wuƙa, ya shiga cire fenti a kafaɗar fok a hankali kamar mai yi wa jariri aski. Kore ya tafi, shuɗi ya fito, irin shuɗin teku da hantsi. A cikin shuɗin ga wani ɗan ƙadangare an zana a jikin ƙarfen, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, har da yatsunsa. Ammu Bakur ya ce, "Ya salam." Ya shiga ciki ya fito da wani tsohon littafi da ya lilliƙa hotuna a ciki, ya yi ta buɗawa yana lasar yatsa, har ya tsaya. Ga ƙadangaren.

Ya ce tambarin wani maƙeri ne a wani ƙaramin gari, shi da ɗansa kawai suke aiki, ba kamfani ba. Ya faɗi sunan sau uku. Sau uku na gwada, harshena ya faɗi a kwana, har ya roƙe ni in bari. Khalid ya rubuta a waya, mai so ya tambaye shi.

Ya goge ƙarƙashin cibiyar feda. Lambobi suka fito, da haruffa biyu a gefe. Ya gwada lambar da na littafinsa, ya dubi yanayin mahaɗar, ya ce wa Khalid, "Kam shekararka? To wannan ya girme ka da kusan goma. Ya haura hamsin." Sai ya ɗora farce a kan haruffan. "Waɗannan kuma ba na maƙerin ba ne. Irin wannan ba a sayensa a shago. Mutum yake zuwa a auna ƙafarsa da hannunsa da bayansa, kamar wurin tela, a ƙera masa nasa shi kaɗai, a buga farkon sunansa. Wa ya ba ku shi?"

Khalid ya tsaya. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ambulan ɗin Hajiya. Hoto ne: Yaya Hamisu da ƙuruciya, da wani Bature a gefensa ya dafa kafaɗarsa, tsawonsu ɗaya kamar an auna. A bayan hoton Baturen ya rubuta sunansa. Ni karatuna bai kai can ba, amma ina gane kama. Harafin farko da harafin farko, su ne a jikin ƙarfen.

Ammu Bakur ya cire tabarau. Ya yi wa Khalid magana da Hausa a hankali, don ni ma in ji.

"Ya waladi, mutumin nan ɗan tsere ne kafin ya zama injiniya. Ya ɗauko wannan ya haye teku da shi zuwa garin da ba filin da zai hau shi. Don me? Don ƙuruciyarsa ce, ba ya iya barinta. Na zauna da irinsu. Za su ba ka mota, za su ba ka agogo, ba sa ba da wannan. Firji ana bai wa direba. Wannan ɗan'uwa ake bai wa."

Khalid ya juya mana baya, ya tsaya yana karanta wata kalanda da ta shekara goma da ƙarewa. Muka bar shi ya karanta.

Da ya juyo ya share fuska, ya tambayi daraja, don Hajiya za ta so a kai mata magana cikakkiya. Ammu Bakur ya ce da yana yadda aka ƙera shi, da shuɗinsa, masu tara irinsa za su ba da riyal dubu biyar ba ciniki. Sai ya sa ɗan yatsa a hudar, fuskarsa ta canza.

"Amma yanzu da ƙyar dubu biyu. Fenti ana cirewa. Wannan fa? Wallahi ina so in ga jakin da ya huda wannan. Ko daidai ma bai huda ba!"

Na ajiye kofi. Na ce, "Ammu, kada ka wahalar da kanka da nema. Ga jakin nan zaune yana shan shayinka."

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan tsohon ya fashe da dariya har tari ya kama shi, yana cewa, "Ma'alesh, ma'alesh, ya Hajj!" Ya ƙara mini shayi, ya ce jakin da ya amsa sunansa ya cancanci kofi biyu. Ya ƙi karɓar ko riyal ɗaya. Da kansa ya naɗe firam ɗin a zaninsa, ya miƙa wa Khalid da hannu biyu.

La'asar: komawa Waziriyya

Kilomita goma sha uku muka yi zuwa gida. Wannan karon ba a but Khalid ya sa firam ɗin ba, a kujerar baya ya kwantar da shi. Ni ina ta shirya yadda zan nemi gafara, kalmomin suna zamewa kamar ƙwallayen boris a cikin giris.

Tun daga matakala muka ji ƙamshin miyar kuka. Hajiya tana zaune a kan darduma da carbi. Khalid ya durƙusa a gabanta ya buɗe zanin, ya nuna mata ƙadangaren da haruffan, ya yi ta zuba Larabci, sannan ya tsaya ya nemo Hausa, don ya san da ita take so ta ji. "Ummi. Girmamawa ce. Abuya ya yi gaskiya."

Ta shafa shuɗin da yatsa. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sau ɗaya ta faɗa, ta ci gaba da jan carbi, hawaye na bin kumatunta.

Na ce, "Hajiya, ni kuma sai ku yafe mini. Ni na fara ce masa an raina shi. Na kuma ɓata masa abu da hannuna, yana kallo. Me ya hana shi ya kwaɗe ni?"

Ta ce, "Na tambaye shi ranar. Ya ce, Iro ya zo daga nesa, ba shi da abin da zai ba ni sai hannunsa. In hana shi ya ba ni?" Ta gyara mayafi. "Bayan ka tafi, duk wanda ya zo sai ya nuna masa hudar nan ya ce, ƙanena ne ya yi, babban makaniki ne a Kazaure."

Ban iya cewa komai ba. Ku da kuka san ni kun san wannan bai taɓa faruwa ba.

Khalid ne ya yi magana. Ya ce yana tuna wani abu. Da keken yana shuɗi, kullum yana kuka a ɗauke shi, Abuya yana cewa la, hatsari ne. Da ya zama kore sai ya naɗa tawul a kan bututun sama, ya ɗora shi, duk Juma'a da yamma su tafi bakin teku. Ya ce bai taɓa sanin me ya canza ba sai yau, ashe birkin ne. Ya sa yatsa a hudar. "Dubu uku ta ci, ya ammi. Rakhis. Da arha."

Hajiya ta jawo wata gwangwanin alewa daga ƙarƙashin gado. A ciki, cikin tsumma mai mai, ga birkin da na ɗaura, robarsa ta cinye har ƙarfe. Ta ce Yaya ya cire shi da ya daina hawa, ya ce a ajiye wa mai shi.

Kafin magariba Khalid ya aro injin huda bango a wurin maƙwabci, ya auna saman kujerar falo. Na miƙe na ce ya kawo in taya shi, aikina ne. Hajiya ta ɗaga sanda.

"Zauna, Alhaji Faci. Kai dai kada ka ƙara huda mana komai a gidan nan."

Na zauna. Ya rataye shi da korensa, da ɗan shuɗin da ya leƙo a kafaɗa. Ya ce ba za a cire sauran fentin ba. Tuwon ranar malmala uku na ci.

Alhamis: gida

Khalid ya kai ni filin jirgi ƙarfe shida na safe, minti arba'in daga Waziriyya. A wurin bincike injin ya yi ƙara a kan jakar hannuna. Jami'i ya ciro birkin ya juya shi, ya tambayi Khalid da ke tsaye daga nesa mene ne wannan. Khalid ya ɗaga murya ya ce amana ce. Aka mayar mini.

Mun tashi ƙarfe tara da minti goma, mun sauka Kano sha biyu saura agogonmu. Motar Kazaure ta ƙara ɗari biyar a kan yadda na bar ta. Ƙarfe huɗu da rabi na la'asar na shiga gida, Rakiya ta fara duba hannuwana ko na taɓa wani abu.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Rakiya da mijinta, Allah ya ba su masu yi musu. Na gode wa Hajiya Saude da ɗana Khalid, da Ammu Bakur na Ruwais wanda ya faɗa mini sunana na gaskiya. Allah ya jiƙan Yaya Hamisu, ya sa yadda ya rufa mini asiri shi ma a rufa masa.

Birkin da kuke gani a rataye a rumfa, kusa da famfo, shi ne. Tun dawowata mutum uku sun taya. Ku daina tambaya. Kekensa yana Jidda.